Keken Hajiya a Tsakiyar M6

Har yau ban manta da wata Asabar ta watan Satumba ba, lokacin ban daɗe da fara aikin agajin motoci a kan hanya ba. Ga wanda bai san aikin ba, motar mutum ce za ta lalace, ya buga wa kamfaninmu waya, ofis ya duba makaniken da ya fi kusa ya tura shi. Ni a Birmingham nake, yankina kuma ya haɗa da wani ɓangare na babbar hanyar M6 da ta gangaro daga Manchester. Ban zama shugaban rukuni ba tukuna, ɗan sintiri ne ni kawai, daga ni sai motar kayan aiki.

Da hantsi kiran ya shigo. Wata mota ce mai jan karaban, wato ɗakin nan mai taya da ake tafiya hutu da shi, ta tsaya a gefen hanya, kuma an ce wani abu ya faɗo daga bayanta. Ƙa'idarmu a irin wannan wuri ba ta canzawa. Ka tsaya a bayan motar, ka kunna fitilun gargaɗi, ka fitar da kowa zuwa bayan shingen ƙarfe. Sai an yi wannan kake taɓa sifana.

Ina isa na ga mata biyu sun riga sun tsallaka shingen, babba da budurwa. Namijin kuwa, dattijo mai furfura, yana tsaye a bakin farin layi, ya juya baya yana kallon inda suka fito. Can nesa kaɗan, a layin farko, ga keke kwance, motoci suna ta kauce masa. Na yi wa dattijon magana da Turanci cewa ya dawo baya. Ko waiwayowa bai yi ba. Na ga yana lissafin tazarar motoci da ido, ƙafarsa ɗaya ta riga ta haye layin. Sai na ji bakinsa yana ta maimaita innalillahi.

Na ce, "Alhaji, don girman Allah ka dawo."

Ya juyo kamar wanda aka tasa daga barci. Ya ce, "Bahaushe ne kai?"

"Bahaushe ne. Zo mu yi magana a nan."

"Ɗana, keken nan zai kashe wani. Ni na ɗaure shi da hannuna. In mai babur ya hau kansa, me zan ce wa Allah?"

A nan na gane ba keken yake so ba. Na kama hannun rigarsa na ce masa in ya shiga, direban da zai taka birki dominsa shi ne zai haddasa abin da yake tsoro. Na ce akwai jami'an hanya da aikinsu ke nan, za su shiga gaban motoci su rage musu gudu har hanya ta buɗe, sannan su ɗauke. Na kira su a gabansa don ya ji da kunnensa, ashe ma wani direba ya riga ya sanar, suna tafe. Da ƙyar ya biyo ni.

Muna jira ne na san su. Sunansa Alhaji Bashir, akanta ne, a unguwar Old Trafford ta Manchester suke zaune shi da matarsa Hajiya. 'Yarsu Zainab za su kai Selly Oak a nan Birmingham ta fara uni, wato jami'a, daga nan shi da Hajiya su wuce hutun kwana biyu da karaban ɗin da suka saya bana. Keken da ya faɗi na Hajiya ne, mai batir. Da girmanta ta koyi hawa, bayan GP, wato likitansu, ya ce ta riƙa motsa gwiwa.

Kafin jami'an su iso, wata babbar mota ta kasa kaucewa ta bi ta kan keken. Muka ji ƙarar, muka ga taya ɗaya ta yi tsalle ta faɗa ciyawa. Motar ta wuce, na baya ma suka wuce, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Alhaji ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Zainab ta rungume kafaɗarsa tana lallashinsa da Turancin Manchester. Hajiya ta ce, "Keke ne fa, Alhaji. Da kai ne a wurin, da yanzu me muke ciki?"

Bayan an share hanya, na raka su a hankali zuwa wurin hutawar matafiya na gaba, a can na duba abin da ya faru. Kariyar, wato ƙarfen da aka ɗora kekunansu uku a kai, a bangon bayan karaban aka ɗaure ta. Ta hannu ya saya, mai sayarwa ya ce masa tana shiga kowace irin mota. Amma bangon karaban siriri ne, kuma bayansa ya fi ko'ina tsalle a kan hanya. Kusoshin gefe ɗaya sun keta bangon sun fito, kariyar ta karkace, igiya ta saki. Na tambaye shi ko ya ji karaban ɗin yana lilo kafin nan. Ya ce tun daga Manchester, duk sanda babbar mota ta wuce su, sai ya ji kamar ana kaɗa wutsiya. Na bayyana masa cewa nauyi a can ƙarshen baya yana ɗaga gaban karaban, ya rage masa riƙo a jikin mota, lilon ke nan.

Muka kwance kariyar gaba ɗaya. Kekuna biyun da suka rage muka cire musu tayoyin gaba, muka naɗe su da bargo, muka kwantar da su a cikin karaban daidai saitin tayoyinsa, muka ɗaure tam. Na auna nauyin da ke sauka a kan maƙalin da ke haɗa karaban da mota da sikeli, ya yi daidai da abin da littafin motarsa ya yarda. Na ce in zai sake sayen kariya, ya tabbatar an ƙera ta don karaban, ya riƙa cire batir kafin ya ɗora keke, kada kaya su rufe fitila ko lamba, kuma ya tsaya bayan ɗan tafiya ya sake jan igiyoyi. Zainab tana rubutawa a waya. Hajiya ta cika mini leda da dambun naman da aka yi wa Zainab guzuri, ta hana ni cewa a'a.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za a koya muku nauyi da igiya da kusa, kuma ku riƙe su da kyau, don su ne sana'ar. Amma mutumin da za ku tarar a gefen hanya, yawanci ba dukiyarsa ce ta firgita shi ba, tsoro yake kada ya zama sanadin cutar wani. Irin wannan mutum tsawa ba ta tsayar da shi. Ku fara gano abin da yake tsoro, ku nuna masa wanda zai ɗauke masa shi, sannan ku buɗe akwatin kayan aiki.