Inna Talatu ba ta ƙi gaishe ku ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina dama koko maigidana Baban Amira ya shigo ya ce mini Inna Talatu ta rasu. Har yanzu kokon yana nan a kwano.

Ga wanda bai san ta ba, yayar surukina ce, tsohuwar malamar firamare a nan Birnin Kudu. A ajin yaƙi da jahilci ta fara koyon karatu, lokacin da Turawa ke shirin tafiya. Da kuɗin mai ya zo aka yi ta buɗe makarantu, sai aka ɗauke ta koyarwa.

Da aka kawo ni amarya daga Gwaram ban san kowa ba. Ita ce ta same ni a ɗaki ina ɓoye littafin soyayya a ƙarƙashin filo. Na zaci faɗa za ta yi.

Sai ta ce, "Wa ya aure ta a ƙarshe?"

Tun daga ranar muka ƙulla. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu, don haka kullum bayan la'asar nake zuwa in karanta mata. Ba ta bari a gama shafi lafiya. "Tsaya, 'yar nan. Wannan yaron maƙaryaci ne, ji yadda yake rantsuwa ba a tambaye shi ba."

Wata uku da suka wuce 'ya'yanta suka kai ta Kano aka yi mata aiki. An cire yanar, aka sa mata ɗan ƙaramin gilashi a cikin kowane ido. Ta dawo tana zura zare a allura ba tabarau. Mun yi murna ƙwarai.

Bayan wata ɗaya muka haɗu a wani suna a Unguwar Ya. Gida ya cika, ga kiɗan ƙwarya. Na hango ta a ɗaya ɓangaren tsakar gida, na ɗaga mata hannu ina ta murmushi. Ta dube ni sosai, ta kau da kai.

Kun san halin mai karatun littafi. Kafin in iso gida na gama tsara labarin a kaina: ta sami ido, ba ta buƙatar mai karanta mata, an gama da ni. Na yi kuka. Wata biyu ban taka gidanta ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Baban Amira ya ce ko in je ko ya kai ni da kansa. Na je ina ɗaure fuska. Na yi sallama, na tsaya daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Muryar na sani. Matso in ga mai ita. Daga taku biyar, da ke da turmi duk ɗaya ne a wurina."

Ashe kafin aikin likita ya tambaye ta. Ya ce gilashin da zai sa mata ana saita shi ne ko don gani nesa ko don gani kusa, wanda ba ta zaɓa ba sai ta nemi taimakon tabarau. Ya ce yawancin mutane nesa suke zaɓa.

"Na ce masa, likita, me ya rage mini a nesa? Garin nan na gan shi har na gaji. Ka bar mini Alƙur'anina da littattafaina."

An ba ta tabarau na fita waje, ta ajiye shi a saman kwaba. Wai yana cin karan hanci, kuma yana sa ta kama da alƙali.

Na ba ta labarin ranar suna. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "To ba ke kaɗai ba ce. Ga Hajiya Binta, ga matan gidan Liman, duk sun ɗauke ƙafa. An ce tun da na je Kano na yi girman kai. Ke da kike da wayar nan, ki faɗa musu."

Na ce zan faɗa. Rannan ita ta karanta mini babi guda, ni ina kwance a kan tabarmarta. Na dawo gida na shagala, ina cewa gobe.

Yau nake faɗa, ba ta nan.

Jama'ar Birnin Kudu, da na Yalwan Damai inda take zuwa wurin 'yarta, duk wanda Inna Talatu ta wuce a hanya ba ta gaishe shi ba, wallahi ba ta gan shi ba ne. Don Allah ku yafe mata. Wanda mahaifiyarsa ba ta da waya, ya karanta mata wannan.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka haskaka kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ni ma ka yafe mini wata biyun nan. Duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.