Baƙon da Muka Kai Tinyer

Ana idar da sallar asuba muka bar Garwa, mu uku a tsohuwar motar yayana: shi yana tuƙi, ni a gefensa, ɗansa a baya. Ɗan nan bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba. Shekarun baya ya yi wa 'yar maƙwabtanmu fyaɗe tana ƙarama, kotu ta ɗaure shi, ya kuma cinye wa'adinsa tas. A wajen hukuma magana ta ƙare. Mu kuwa katanga ɗaya ce tsakaninmu da yarinyar, kuma ba wanda zai rantse cewa ya daina. Shi ne dangi suka yanke a kai shi Tinyer ya zauna a hannun wani tsohon fatoma, mai saukar da fataken shanu, aminin marigayi babanmu. Ni aka ce in bi su saboda Fillanci, don yayana in ya fara nasa sai Fulanin su nemi tafinta.

Mun haye gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba, ruwa ya cika har baki, masunta sun riga mu fita. Ƙarshen damina ne, ko'ina kore shar, auduga da masara dama da hagu. Jandarmomi sun tsayar da mu ya fi a ƙirga. Kowanne sai ya juya katin yayana, ya dubi hoton, ya dubi furfurarsa, kamar shi ya ce masa ya tsufa.

A Mbe muka tsaya, garin doya. Tsibi-tsibi take a bakin titi, araha har ta ba ni haushi in na tuna yadda ake tsawwala mana a kasuwar Garwa. Muna cin gasasshiya da manja ɗan ya yi magana, karon farko tun fitowarmu.

"Goggo, na gama nawa hukuncin. Wannan kuma na mene ne?"

Na ce masa na tsoro ne, tsoron abin da zai iya sake yi. Ina faɗa doyar ta fita raina.

Daga nan sai hawan wani dutse mai kwana-kwana. Motar tana haki, yayana yana lallashinta da baki, ni ina salati. Muna kaiwa Ngaundere sanyi ya tarbe mu da rana tsaka, ni 'yar Garwa na lulluɓe har kunne, masu sayar da zuma suna yi mini dariya. Bayan mun ci nama mun sha shayi, muka sauka daga kwalta zuwa jar hanya mai caɓi. A nan yayana ya rage murya ya ce, "Kada ki ce komai in mun isa. Tsoho ba ya tambayar baƙo." Gaskiyarsa, al'adarsu ke nan. In ɗan amini ya kawo wa fatoma mutum, kunya ba ta barinsa ya tambayi dalili. Da zarar ya ce ya karɓa, shi ke nan, baƙo ya zama ɗan gida.

La'asar sakaliya muka shiga Tinyer, gari a tsakanin duwatsu, ƙamshin ciyawa da shanu ko ta ina. Tsohon ya rungume yayana yana kiran sunan babanmu. Aka shimfiɗa tabarma. Sai ga jikokinsa mata sun fito da ruwa da ƙwaryar kindirmo, ɗaya ta durƙusa har ƙasa ta miƙa wa ɗan namu. Yayana ya gyara zama ya ce yaro ne ya kawo koyon cinikin shanu, ya dube ni in fassara.

Ban fassara ba. Da Hausa na yi magana, don kowa ya ji, tsohon ma yana jin Hausar kasuwa. Na ce, "Baffa, kafin ka ce ka karɓa, ka ji abin da ya kawo shi." Na faɗa masa duka, ban rage ba, ban ƙara ba. Yayana kamar ya nutse.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce ya karɓa, amma ba a cikin gida ba. Ɗan zai zauna a garke can bayan dutse, inda maza ne zalla. Ba zai shigo gari ba sai Juma'a, tare da babban makiyayi. Mai unguwa zai sani, matan gida ma za su sani.

"Har yaushe, Baffa?" in ji ɗan.

"Alƙali ya sa maka rana, ni ba ni da ita. In hankalina ya kwanta zan aika wa babanka. In kuwa ba ka so, ga motarku can."

Ɗan ya zaɓi zama. Washegari da na ga bayansa, da ƙunshin kaya a ka yana bin makiyayi, na ji tausayinsa ƙwarai, jinina ne. Amma barcin da na yi a gidan nan, rabona da irinsa tun ranar da aka ce zai fito.

A dawowa yayana bai kula ni ba sai da muka wuce Ngaundere, ni kuwa na sha kallon hanya abina. Abin da tafiyar ta nuna mini shi ne, tsare mutum ba tare da ranar saki ba abu ne mai nauyi, kuma ban ce mun iya shi ba. Amma ɗauke shi daga wannan gari a ajiye a wancan a ɓoye, sauya wa masifa unguwa ne kawai.

Muna isa Garwa, ko mayafi ban cire ba na shiga gidan maƙwabtanmu. Uwar yarinyar tana tankaɗe. Na ce mata mun kai shi, ba zai dawo nan kusa ba. Ban ga murna a fuskarta ba.

"Can ɗin akwai yara mata?"

"Akwai."

"Iyayensu sun sani?"

Na ce sun sani. Sai a lokacin ta ajiye rariyar, ta ce mini sannu da hanya.