Sambo Mai Rediyo da Kwamfutocin Kebbe

Sambo Tambaya haifaffen Sanyinna ne, amma a Tambuwal ya yi suna. Ya shigo garin yana saurayi a shekarar da aka kafa Jihar Sakkwato, lokacin da kuɗin man fetur ya sa kowane magidanci ke son rediyo a gindin darninsa. Wani Bayarabe mai gyara a bakin tasha ya ɗauke shi, ya koya masa riƙon dalma da karanta waya. Da maigidan ya koma garinsu, Sambo ya gaji tebur da kujera da masu kawo gyara. Kaset ya zo ya same shi nan, bidiyo ma haka. Duk abin da zamani ya kawo, yakan kwance shi ya duba cikinsa kafin ya ce zai iya ko ba zai iya ba. Da kwamfuta ta fara shigowa ofisoshin ƙaramar hukuma, furfura ta riga ta fito masa, amma ya sayi wata matacciya ya yi ta fama da ita har ta tashi.

Aikin da mutane suka fi tunawa da shi ya zo ne daga Kebbe. Malam Attahiru Ɗan'iya yana da makarantar Islamiyya da ya haɗa da boko. Wani ɗan garin mai fatauci a Ikko, Alhaji Namadi, ya aiko masa da tsofaffin kwamfutoci kyauta don yara su koya. Sun iso babu komai a cikinsu, ko babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura babu. Aka aika wa Sambo.

Sambo ya taɓa jin akwai irin wannan manhaja ta kyauta da kowa zai iya saukewa daga intanet, kuma ba ta yi wa tsofaffin na'urori nauyi. Ya soka modem ɗinsa na shiga intanet ya fara saukewa a shago. Sabis ɗin wancan lokaci zuwa yake yana ɗaukewa, fayil ɗin kuwa ƙato ne. Ya yi ta jira har allo ya nuna an kammala. Ya ƙona shi a faifai, wato ya kwafe shi a kai, ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ya kama hanyar Kebbe mai ramuka.

A makarantar an tada janareto, malamai sun zagaye shi, har da iyayen yara. Kwamfuta ta farko ta karɓi faifan, ta yi nisa, sai ta tsaya cik. Ta biyu ma a daidai wurin ta tsaya, ta uku haka.

"Mi ke nan, Malam Sambo?" in ji Malam Attahiru.

"Gafarta Malam, ina jin ƙwaƙwalwarsu ta gaji. Tsofaffi na."

Maganar ba ta kwana a makaranta ba. Kafin ranar kasuwa ana faɗi a rumfunan Kebbe cewa Alhaji Namadi ya kwaso tarkacen Ikko ya jibge wa yara don a yabe shi. Ƙanen Alhajin ya daina gaida Malam Attahiru a masallaci, yana ganin daga makarantarsa maganar ta fito.

Sambo ya koma gida abin na cin sa. Na'ura uku ba sa mutuwa a wuri ɗaya, ya san wannan tun zamanin rediyo. Ya buga wa ɗiyarsa Sauda waya, wadda ke karatun kwamfuta a Sakkwato, ya ba ta labari.

"Baba, kun duba lambar tantancewa kahin ku ƙona?"

"Wace lamba kuma?"

Sauda ta yi masa bayani a hankali. Masu manhajar sukan rubuta wani dogon layi na haruffa da alƙaluma a shafin da ake saukewa. Shi kuma zai sa kwamfutarsa ta bi fayil ɗin da ya sauke daga farko har ƙarshe, ta fitar da nata layin. Idan layukan biyu sun zo ɗaya, fayil ya iso lafiya. Idan ko ɗigo ya ɓace a hanya, ko wani ya sa hannu a ciki, layin nan zai canza gaba ɗaya.

"Ke nan ba dole ne in an ce an kammala, a ce ya cika ba?"

"Ba dole ba ne, Baba."

Ta karanto masa umarnin da zai rubuta. Na'urar ta yi ɗan tunani, ta fitar da layi. Tun daga harafin farko bai yi kama da na shafin ba. Sambo ya zauna yana kallon allon, sannan ya cire faifan ya ajiye a gefe.

Ya sake saukewa. Wannan karon layukan sun soma iri ɗaya, amma idonsa ya yi rauni, haruffan kuwa sittin da huɗu ne, ƙanana, suna shiga juna. Matarsa Fatsuma ta kawo masa abincin rana ta tarar da shi ya manna hanci a allo. Ta yi yaƙi da jahilci shekarun baya, amma rabonta da karanta wani abu ya daɗe.

"Zamna nan," ya ce. "Ki karanto na sama, ni nika bin na ƙasa da yatsa."

Ta zauna a kujerar masu kawo gyara, ta gyara mayafi, ta fara kira ɗaya bayan ɗaya. Ta rikita harafin bi da na di, suka koma farko. Wani mai kawo fitila ya tsaya a bakin ƙofa yana saurare, bai katse su ba. Suka kai harafin ƙarshe babu saɓani.

"To, ka ci abincinka," ta ce.

Da ya koma Kebbe, bai fara da kwamfuta ba. Ya nemi Malam Attahiru ya kira ƙanen Alhaji Namadi, ya ce a gabansu da sauran malamai: "Na'urorin ga lahiyarsu lau. Hwaihwan da niz zo da shi ne bai cika ba." Sannan ya sa sabon faifai. Kwamfutocin suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, in ban da guda da ta ƙi tashi ko kaɗan, ita kam da gaske ta lalace. Ƙanen Alhaji ya tsaya har aka kunna ta ƙarshe, ya yi musabaha da Malam Attahiru, ya fita yana buga wa yayansa waya.

Daga nan aiki ya riƙa zuwa wa Sambo daga Fakku da ƙauyukan da ke kewaye, wurin da in ka je da faifai marar kyau babu sabis ɗin da za ka sake saukewa. Bai ƙara ɗaukar faifai ko filashi ya hau babur ba sai ya tantance. Da Sauda ta zo hutu ta nuna masa yadda na'ura za ta gwada layukan biyu da kanta ta ce daidai ne, ya koya, ya riƙa amfani da shi idan yana sauri. Idan babu sauri, yakan aika a kira Fatsuma.

Yanzu ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya a babur, masu so su ke kawo masa har shago. Fatsuma kuwa, tun da matan unguwa suka ji ita ke karanta wa Sambo haruffan kwamfuta, suka fara kawo mata katin waya da kwalin magani ta duba musu. Da safe, kafin ta ɗora tukunya, akan sami mace ɗaya ko biyu a tsakar gidanta suna jira.