Rabon Kabewa

Kakarmu, wadda muke kira Dada, takan ce ta yi ƙaura sau uku ba tare da ta ɗaga tukunya daga murhu ba. Ɗakinta na nan inda yake a rugarmu, ƙasar ce ake ta yankawa a ƙarƙashinta. Tana amarya, hukuma ɗaya ke duba yankin nan kaf. Sai aka ware Tudun Wada, aka raba Kiru da Bebeji, can daga baya aka cire Doguwa daga Tudun Wada. Ba ta taɓa ƙin rabon ba. Cewa take gida in ya cika dole a buɗe wata ƙofa, kuma ga shi asibiti ya matso kusa.

Rabon da ya taɓa mu shi ne wanda ya bi ta rafin bayan gida. Mu muka faɗa Bebeji, Baffa Sule ƙanen babana ya faɗa Kiru, mashayar shanu kuwa ta zauna a gefenmu. Da rani ya tsananta, shanun Baffa suka tattake wa Baba albasa a bakin rafi. Baba mutum ne mai zuciya. Ya sare ƙaya ya toshe hanyar, ya ce kowa ya sha ruwan ƙaramar hukumarsa. Shanun Baffa suka fara ramewa, har ya soma maganar tashi da iyalinsa zuwa dajin Doguwa.

Ranar nan bayan magariba muka kewaye wutar Dada kamar kullum, tana gasa mana gyaɗa a toka. Baba na gefe yana tufka igiya, wai shi ba ya saurare. Ita kuwa ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya matso. Babba ma in yana so, ba a hana shi ba."

Wai wani tsoho ne da 'ya'ya huɗu da ƙasa mai faɗi, tafki ɗaya tak a tsakiyarta. Duk ɗan da ya yi aure sai ya nemi a yanka masa nasa. Mutane suka ce ya yanka a miƙe, fili-fili, ya fi kyan gani. Tsoho ya ƙi. Ya sa aka kawo kabewa, ya kafa wuƙa a cibiyarta, ya ja zuwa baki. Haka ya raba ƙasar, kowane yanki da ɗan siririn hancinsa a cikin ruwa. 'Ya'yan suka yi ta gunaguni, gonaki duk a karkace. Da fari ya zo, ƙasashen maƙwabta suka watse, su kuwa kullum da hantsi sai ga su huɗu a bakin tafki, ko suna fushi sai sun gaisa.

"Dada, to wanda ya raba tamu bai san kabewa ba ne?" na tambaya.

"Shi daga Kano ya zo, ɗan nan, ba shi da saniya ko ɗaya. Ba laifinsa ba ne. Laifin na wanda ya sha nono ɗaya da ɗan'uwansa ne, ya kuma san hanyar ruwan."

Baba ya dakata da tufkar igiyar. Washegari da muka kora maruƙa, muka tarar an janye ƙayar, an mayar da ita shingen albasa. Baffa Sule bai tashi ba.

A lokacin na ɗauka wayon tsohuwa ne kawai. Sai da Baba ya rasu, aka zo rabon gona tsakaninmu, na gane nauyin abin. Ni ne babba, kuma bakin rafi ake shirin ba ni gaba ɗaya. Wallahi raina ya so. Amma na roƙi malamin da ke rabon ya ba kowa haƙƙinsa cif, sai dai a ja kowane kaso ya taɓa ruwa, har na ƙannena mata. Malam ya yi dariya, ya ce bai taɓa fitar da gonaki munana irin waɗannan ba.

Gaskiya ya faɗa. Har yau tarakta ba ta iya juyawa a tawa, da shanun huɗa nake nome ta. Amma a gidanmu babu wanda ya taɓa yin sallama a ƙofar ɗan'uwansa don roƙon inda saniyarsa za ta sha ruwa.