Matar da ke Bakin Taga

Ranar Asabar ɗin ƙarshe ta watan Nuwamba na 2004 ruwan Manchester ya koro mu, ni da Umma, muka faɗa laburaren unguwa riƙe da ledar naman da muka sayo a Rusholme. Shekarata tara. Ba karatu ya kai mu ba, ɗumin hita muka bi. Kafin ruwan ya tsagaita na jawo wani ƙaton littafi na zane-zanen wani Ba'amurke na buɗe a cinyata. Mutane ne kawai a ciki, kowa shi kaɗai: wata ta zuba wa kofin shayi ido, wani mai sayar da fetur a bakin hanyar da ko mota ɗaya babu, wata kuma zaune a kan gado tana kallon taga, rana ta haske ta. Umma ta leƙo ta ce, "Wannan rasuwa aka yi mata? To ina 'yan gaisuwa?"

Muka aro littafin. A lokacin muna zaune a fulat ɗin sama na wani tsohon gida a Whalley Range, iyali biyar a gida ɗaya amma ba mai yi wa wani sallama. Abba yana karatun digirinsa na uku, ya fita da sassafe, ya dawo ya tasa takardu gaba. Ni in na taso daga makaranta sai wanke-wanke da sauke shara, sannan in baje duwatsuna a kafet in yi carafke ni da kaina, har maƙwabcin ƙasa ya buga silin da sanda. Umma kuwa, wadda a Kano tsakar gidanta ba ya rabo da masu shiga da fita, sai ta ja kujera bakin taga da carbinta tana kallon motoci. "Mutum rahama ne," take cewa, ba ta juyo ba.

Ni na fassara mata tarihin mai zanen. Dogon mutum ne marar magana, ya daɗe yana zanen talla kafin a san da shi, shi da matarsa suka tsufa a saman bene ɗaya ba su haihu ba, kuma kusan duk matan da ke cikin zanensa ita ce ta zauna masa. Na ce ai mugu ne, ya ajiye ta yana zana kaɗaicinta maimakon ya yi mata hira. Umma ta ce, "Ko ba komai, Hafsa, shi ya ɗago ya dube ta."

Dama na taɓa jin ta a waya tana gaya wa yayarta cewa in hunturu ya wuce a haka, gida za ta koma. Tsoro ya kama ni, na ƙudura sai na sa Abba ya dube ta. Mako guda ina zana ta daga bayanta, da mayafinta ruwan toka, da carbin, da yadda take karkata kai. Ranar Lahadi na ɗora zanen a kan takardunsa. Ya gyara tabarau ya ce, "Kai, ya yi kyau! Wace ce? Daga littafin nan kika kwafo?" Umma tana ƙofar kicin riƙe da faranti. "Daga littafin ne, Malam," in ji ta. "Ga abincinka." Na ji haushin Abba har na kasa cin abinci ranar. Ba mugu ba ne, karatu ne ya cinye shi, amma dai an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Da hunturu ya wuce Umma ta koma Kano, ni aka bar ni saboda makaranta, shekara biyu ina dawowa in tarar da kujerar babu kowa.

Yau Umma tana cikin jikoki, har mita take yi sun hana ta sakat, ni ce nake Birmingham a wani fulat mai taga ɗaya. Bara, bayan rasuwar Abba, na tarar da zanen a tsakiyar kundin digirinsa, ya rubuta sunanta a baya da hannunsa. Ban san ranar da ya gane ta ba. Na dai san a ranar ta riga ta tashi daga bakin tagar.