Ranar da aka kai Awudu, ba Kumasi nake ba

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar Awudu makanike, abokina tun muna yara a Maamobi. Mutanen Abossey Okai, kasuwar kayan mota, suna tuna shi da kunne, don in ya saurari injin mota sau ɗaya zai gaya maka abin da ke damunsa. Ni da nake sayar da kayan gyara a gefen garejinsa, na san wani Awudun da unguwa ba ta sani ba. Mu biyu muna wasan foka, kartar cacar nan da ake gasarta a otal-otal na cikin gari. A zango, unguwarmu ta Musulmi, ba a faɗin wannan. Duk ƙarshen makon da za a yi gasa, ni in ce wa gida na tafi Kumasi sarin kaya, shi kuma ya ce mota ta mace wa wani a hanya.

A gasar, kowa ana ba shi tulin ƙwayoyin roba daidai wa daida. Naka na ƙarewa ka fita, babu roƙo. Sai ka yi awa biyar kana wasa da hankali, kati ɗaya ya faɗo ya tashe ka. Awudu ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, amma ya sha tashi da wuri, kuma yana da maganinsa: ba ya shiga trotro, motar haya. Da ƙafa yake takowa daga bakin otal har gida, cikin rana. Na taɓa yi masa tsiya, na ce rowa ce kawai. Ya ce, “Chale, abokina, in na shiga mota, da fushin zan kai gida. Adiza bai yi mini komai ba.” Adiza ita ce matarsa.

Asabar ɗin ƙarshe ni na fitar da shi. Katinsa ya fi nawa, kowa a teburin ya gani, sai na ƙarshe ya faɗo a gefena, ƙwayoyinsa suka dawo gabana. Ya ture kujera, ya dafa kafaɗata, ya ce, “Riƙe su da kyau, Seidu.” Ya taka har Maamobi, ya zauna a kan bencin ƙofar gida, ya ce Adiza ta ba shi ruwa. Kafin ta kawo kofin, rai ya yi halinsa.

Bayan la’asar ƙaninsa ya kira ni, ya ce jana’iza gobe bayan azahar. Bakina ya riga ni, na ce ina Kumasi amma zan taso. Gasar ta kwana biyu ce, Lahadi ƙarfe sha biyu ake komawa. Na yi kuka, Allah ne shaida, kuma da gari ya waye na je na zauna a teburin. Dabarar da na yi wa kaina ita ce in tura ƙwayoyina duka a kan katin banza, a fitar da ni cikin minti goma, in kama tasi. Na tura, na ci. Na sake turawa, na ci. Sau huɗu. ’Yan tebur suna girgiza kai suna cewa yau ranata ce, ni kuwa ina jiyo kiran sallar azahar daga wani masallaci. Na daɗe ina ɗora wa sa’a laifi, amma babu wanda ya ɗaure ni, ƙofa a buɗe take. Tulin da ke gabana ne na kasa bari. Dab da magariba aka fitar da ni, lokacin mutane sun daɗe da dawowa daga maƙabarta.

Nakan tambayi kaina me Awudu zai ce da ya ga yau. Gasar ta koma cikin waya. Aka fitar da kai, ka danna, ka shiga wata. Babu kujerar turewa, babu hanyar takawa, fushin yana tare da kai a ɗaki, iyalinka suna gefe. Ni ma a ciki nake tsundum. Ban san sau nawa na goge wasan daga wayata ba, kwana uku ya dawo. Na san dariya zai yi mini, ya ce in tashi in taka mana.

Duk shekara Adiza tana soya masar sadaka, a taru a yi masa addu’a. Kuma duk shekara sai ta ce mini a gaban mutane, “Bra Seidu, kar ka damu, hanyar Kumasi ne ya riƙe ka. Da kana gari, kai za ka fara ɗaukan makara.” Ina amsawa da kai.

Garejin ya koma hannun wani, sunansa ma an shafe a bango. Abin da ya rage na Awudu shi ne maganar da Adiza take yi har yau, cewa bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ba ta san irin tafiyar da yake yi don kada hakan ta faru ba. Na tona asirinsa a nan, Allah ya yafe mana mu biyu, don ba zan iya faɗin nawa ba sai da nasa.

Na san ’yarsu Fati ce take karanta mata jaridar nan. Fati, ki karanta mata wannan a hankali. Adiza, ba Kumasi nake ba. Tsakanina da makararsa bai wuce tafiyar awa ɗaya da ƙafa ba.