Ɗorin Dodon Koɗi

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe, amma kada ku ƙosa, don labarin dodon koɗi ne, shi kuwa ba a sa shi sauri.

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, muna zaune a Makera ta Kaduna, gidan haya, ni da Malam maigidana. Shekara da shekaru yana aiki a masaƙa, har ranar da hawan jini ya kayar da shi a bakin injin, aka kawo mini shi ɓarin dama a shanye. Likita ya ce bayan ƙwayoyi maganin ɗaya ne: ya riƙa tashi yana takawa, ko da daga ɗaki zuwa tsakar gida, in ba haka ba ƙafar ta tafi ke nan. Malam ya juya fuska bango. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira masa liman, na yi kuka. Ya ce shi ba zai fito yana jan ƙafa matan haya suna jera masa sannu ba.

Ɗakin da ke kallon namu na wata Kirista ne 'yar kudancin Kaduna, mai kiwon kaji, muna ce mata Maman 'yan biyu. Ita ta shigo wata rana da dodon koɗi guda uku a leda, manya, kowanne ya cika tafin hannu. Ta ce a kasuwa ta sayo wajen 'yan kudu, ruwan jikinsu maganin hawan jini ne, a fasa, a tsiyaye, a ba shi. Mu abin da muka sani na wannan halitta ɓawonta ne kawai, katantanwa, wadda yara ke murzawa a ƙasa tana juyi. Su kuma naman suke so, ɓawon sai juji. Ban taɓa jin wanda ke son su biyun a haɗe, da rai ba.

Na ajiye su a tsohon kwano bakin ƙofa, kafin in san yadda zan yi. Babban ya fito da ƙahonninsa, ya hau bakin kwano, ya sauko, ya nufi gindin randa. Malam na kwance yana kallonsa ta gefen labule. Sai na ji ya ce, da bakinsa da ya karkace, "Kada a fasa wannan. Tafiyarmu ɗaya."

Washegari da hantsi, mutumin da ya ƙi likita ya ƙi liman, ya dafa bango ya ja ƙafa har gindin randa, wai zai ga inda suka kwana. Daga nan kullum sai ya fito. Ni kuwa da ko taɓa su ba na iya yi, na zama baiwarsu. Ni ce wanke latas, ni ce roƙon ganyen gwanda a maƙwabta, ni ce jiƙa buhu in shimfiɗa musu in kifa kwando a kai saboda kaji. Ban so su ba, Allah ya sani. Amma ƙafar Malam tana motsi, sai na haɗiye.

Da kaka aka fara yawon siyasa. Wata Hajiya, shugabar mata ta wata jam'iyya, ta shigo gidanmu da tawagarta da sabulai, tana yi mana alkawarin famfo. Mace ce mai jiki, masha Allah. Kujeru suka ƙare. Kafin in fito daga madafa da ruwan sha, ta hango kwando a kife cikin inuwa, ta tattara zani ta zauna. Ƙarar da na ji kamar an taka ƙwai. Ta tashi, ta leƙa, ta ce, "Au, wannan ƙazantar kuke ajiyewa? To ku zaɓe mu, kaji za mu raba muku." Matan suka yi dariya. Malam yana bakin ƙofa yana kallo. Ya juya ya koma ciki.

Ƙaramin ya dagargaje, ranar ya mutu. Na tsakiya ya fashe ta gefe. Babban, na Malam, ɓawonsa ya tsage daga baki har gadon baya, wani ɓalli ya fita, ana ganin naman yana numfashi ta ramin. Da na kai wa Malam tuwo ya ture. Ya ce, "Abin da ya karye ya karye. Ni da shi duka." Washegari bai fito ba. Jibi ma haka.

To ni mace ce mai gyara. Na ɗinke ƙwarya, na liƙe tulu, na toshe bokiti da narkakkiyar roba. Na ce wannan ma ba zai gagare ni ba. Na ƙulle biyun da suka rage a gefen mayafi na tafi wajen mai ɗori na unguwarmu. Ya tambaya wa ya karye, na kwance masa. Ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya ce, "Iya, a ina zan ɗaura karan?" Da ya ga ba wasa ya kawo ni ba, ya ce in ba su ruwan kanwa kamar yadda ake ba akuya, yana ƙarfafa ƙashi. Na dawo na jiƙa kanwa, na fara da na tsakiya. Ɗigo kaɗan na zuba. Ya yi kumfa, ya murɗe, ya narke a gabana.

Maman 'yan biyu ta tarar da ni tsaye da kofin a hannu, ta fizge. Ta ce, "Mama, kin taɓa ganin an sa musu gishiri sun rayu? Kanwa ai yayar gishiri ce!" Na ce ina zan sani, a garinmu wa ke jinyar dodon koɗi? Ta ce su ma ci suke yi, ba jinya ba. Muka tsaya mu biyu a kan guda ɗayan da ya rage, ba mai ilimin abin.

Ita ta tuna kajinta: in ƙwai ya fara zuwa da laushi, ɓawon ƙwai take daka musu. Muka daka ya yi gari muka barbaɗa a kan latas. Ramin kuma muka ɓare fatar nan ta cikin ɓawon ƙwai muka shimfiɗa a kai. Ta bushe ta faɗi. Muka sake. Tururuwa suka gano ramin, na ɗora kwanon a cikin faranti mai ruwa. Ƙuda suka zo, na yaga tsohon gidan sauro na rufe shi. Gidan ba famfo, na sayi ruwan 'yan garuwa ina jiƙa wa dodon koɗi buhu, ni ina wanka da rabin bokiti. Wani ya ce in sa gam, wani ya ce siminti. Kowa a gidan nan ya zama likita, ba wanda ya taɓa ɗauko mini ko ganye ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ka ganin aikinka. Ƙwarya in ka ɗinke ka ga ɗinki. Wannan sai ya shige ciki ya yi shiru, ba ka san ko godiya yake ba ko mutuwa. Kullum in kai wa Malam kwanon har gado in ce ya duba, wani fari-fari ya fara fitowa a ƙarƙashin ramin. Ya ce idona ne. In ce to ya fito ya gani a haske. Ya ce in an warke a kira shi. Ƙafar kuwa tana ƙanƙancewa ina kallo.

Da rani ya tsananta, sai dodon ya shige can ciki, ya toshe bakinsa da wani farin abu kamar takarda. Ba ci, ba motsi. Na ƙwanƙwasa, na jiƙa, na kira shi da sunayen da ba zan maimaita ba. Maman 'yan biyu ta ce wataƙila barci ne, wataƙila kuma shi ke nan. Malam ya ce ai ya gaya mini. Ranar na kai maƙura. Na ɗauke shi na tura bayan randa, na ce ya ruɓe a can, na gaji da bautar marasa magana guda biyu.

Aka yi zaɓe, aka gama. Ana shirin rantsar da farar hula ruwan farko ya sauka. Da safe na fito shara, sai ga wani layi mai sheƙi daga bayan randa ya ratsa tsakar gida. A ƙarshensa ga shi nan, ƙahonni a miƙe, yana cin ɓawon mangwaro. Inda ramin yake ya cike da wani tabo fari mai kaushi, a karkace, mummuna.

Na sunkuya zan ɗauka in kai ɗaki, sai na fasa. Na tsaya bakin labule na ce, "Malam, mutuminka ya tashi. Ni kuwa ba zan kawo shi ba. Mai son gani ya fito."

Ya daɗe. Na ji gado ya yi ƙara, na ji sanda ta faɗi, na dafe ƙirji ban shiga ba. Da ya iso gindin randa gumi ya jiƙa masa riga. Ya duƙa ya shafa tabon da hannunsa mai lafiya, ya ɗago ya dube ni. Na ce yau dai zan ji sannu. Sai ya ce, "Kin gani? Shi ya ɗinke kansa."

Na shiga madafa na yi ta kankare tukunyar da ba ta da datti.

Ga inda kowa ya ƙare. Malam ya ci gaba da takawa, har ya riƙa kai kansa masallaci da sanda, ya yi wasu damuna kafin Allah ya karɓi abinsa. Ƙafar ba ta taɓa komawa daidai ba, sannun nan kuma ban taɓa jin ta ba. Hajiya jam'iyyarsu ta ci, ba mu ga famfo ba, ba mu ga kaji ba. Mai ɗori har ya rasu in ya hango ni sai ya tambayi mai jiki. Maman 'yan biyu ta koma unguwar Narayi lokacin da rikici ya raba gari kowa ya nemi nasa. Takan aiko mini da ƙwai. Dodon koɗi ya riga Malam mutuwa da kaɗan. Katantanwarsa tana nan a kan tagata. Jikokina sun sace ta sun murza, ta ƙi juyawa saboda tabon, faɗuwa take gefe guda. Suka dawo mini da ita suka ce ba ta da amfani.